Tambaya da Amsa: Canza man birki a gida da fitar da iska daga layi

Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu daga Makka, Jidda da Riyad suka zo, kuma kusan duka a kan man birki ne na motoci masu gudu. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Mustang ta 2017. Ina saukowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada, kafin in kai ƙasa sai birki ya yi laushi, feda tana kusan taɓa ƙasa kafin ya kama. Na tsaya a gefe kamar rabin sa'a, da na tashi sai ya dawo daidai. Fahmat ɗina, wato takalman birki, sababbi ne. Me ya faru? (Daga wani mai karatu a Makka)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Man birkinka ne ya tafasa. Feda ta yi laushi a kan gangara, ta kuma dawo da kanta bayan mota ta huce, alamarsa ke nan.

Birki yana aiki ne saboda mai ba ya matsuwa. Ka taka feda, masta, wato famfon da feda take turawa, ta tura mai cikin bututu, man ya ingiza fistan da ke cikin kalifa, wato maƙatar da ke riƙe da fahmat a kowace taya, fahmat su damƙe faifai. Duk gudun da ka rage, zafi yake komawa. Hanyar Hada kuwa tana sauko da mota daga tudun da ya kai wajen mita 2,000 zuwa kwarin Makka, kwana bayan kwana, ga motarka ta kai kilo 1,600 ko fiye. Zafin yana ratsa bayan fahmat ya shiga fistan, daga nan ya isa ga man. Da zarar ya tafasa sai tururi ya taru a cikin kalifa, shi kuwa tururi matsuwa yake yi. Ƙafarka tana tafiya, amma ƙarfinta wajen matse tururi yake ƙarewa.

Sabon mai ba ya tafasa da wuri. Ƙa'idar Amurka ta FMVSS 116, wadda daga ita lambobin DOT na jikin kwalba suka fito, ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Sai dai waɗannan mayuka suna shan ruwa daga iska, ta ƙofar numfashin murfin tanki da ta jikin tiyon roba. Idan ruwan ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya faɗo zuwa 140, 155 da 180. DOT 4 da ya sha ruwa ke nan ya yi asarar digiri 75, alhali a ido yana nan yadda yake.

Shi ya sa kamfanoni irin su BMW da Porsche suke cewa a canza shi duk shekara 2, ko motar tana aiki ko tana ajiye. Wanda yake zaune a Jidda, Yanbu, Jizan ko Dammam, inda raɓar teku take jiƙa gilashi da dare, kuma yana yawan hawa Ɗa'if ko Abha, a ganinmu kada ya jira shekara 2 ta cika. Ya canza duk shekara, ba ɓarna ba ce. Riyad da Ƙasim sun fi bushewa, amma su ma kada a wuce shekara 2.

Ka bambanta wannan da ƙonewar fahmat. Idan fahmat ne suka yi zafi fiye da ƙima, feda tana nan da taurinta, mota ce kawai ba ta tsayawa, ga wari yana tashi. Naka ba haka ba ne. Ka canza man kafin ka sake hawa dutse, kada dawowar birkin ta ruɗe ka, don gobe a wuri ɗaya zai sake tafasa. In kuma za ka sauko, ka sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar, ka riƙa taka birki da ɗan ƙarfi kana saki. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ne yake dafa man.

TAMBAYA: Malam, a shago ina ganin DOT 3, 4, 5 da 5.1. Ni nakan shiga filin tsere na Dirab wani lokaci. Ashe ba mai babbar lamba ya kamata in saya ba? (Daga Riyad)

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Fara da karanta abin da aka rubuta a murfin tanki da littafin motarka. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa da juna, kuma motar DOT 3 tana karɓar DOT 4. Amma ba a sauka ƙasa: motar DOT 4 ba a zuba mata DOT 3. DOT 5 shi ne bare a cikinsu. Da silikon ake yin sa, yawanci launinsa shunayya ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma yana kumfa idan famfon ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ya kaɗa shi. Ba na motarka ba ne.

Akwai kuma DOT 4 LV, mai tsinkewa, wanda aka yi domin ya wuce ƙananan ƙofofin ABS da na'urar hana santsi da sauri. BMW da Mustang daga 2015 zuwa sama shi suke nema. Amfaninsa ya fi fitowa a ƙasashen sanyi, amma tun da kamfani shi ya rubuta, shi za a zuba wa motar titi.

Na tsere, irin su Motul RBF 600 da Castrol SRF, sabonsu yana haura digiri 300 kafin ya tafasa, ATE Typ 200 kuma 280. Ga mai shiga fili kuɗinsu bai tafi a banza ba, da sharaɗin za ka riƙa canzawa da wuri, kamar duk wata 6, kana kuma ɗan fitar da wanda ke cikin kalifa kafin ranar fili da bayanta, don shi ne ya sha wuta. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, DOT 4 mai kyau da ake canzawa a kan lokaci ya fi masa. Ka sayi wanda bakinsa yake liƙe da hatimi, a wakala, wato dilan kamfanin motar, ko shagon da ka sani. Araha ba ta ado a wannan wuri.

TAMBAYA: Ina so in canza man birkin Camaro ɗina da kaina a harabar gida maimakon in kai sana'iyya, unguwar makanikai. Don Allah a yi mini bayani tun daga farko, da abin da zan saya. (Daga Jidda)

AMSA: Aiki ne da mai haƙuri zai iya a gida, cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka fara duba amsarmu ta ƙarshe a wannan shafi, don akwai motocin da ba a taɓa su a gida.

Ka sayi lita 1 na mai. Kwalba biyu ta rabin lita ta fi kwalba ɗaya babba, saboda wadda ba a buɗe ba za ta ajiyu. Idan kalifofinka manya ne masu fistan huɗu ko shida, ƙara rabin lita, gara ya ragu da ya yanke maka a tsakiyar aiki. Sai jak mai kwanciya ƙasa wanda zai shiga ƙarƙashin mota marar tudu, matokaran ƙarfe, sifana mai zobe daidai kan bawul ɗin fitar da iska (yawanci lamba 8, 10 ko 11), tiyo mai garai-garai kamar rabin mita wanda zai kama hancin bawul tam, kwalbar da ake ganin cikinta, sabuwar sirinji babba, ɗan guntun katako, tsumma mai tsabta, safar hannu, tabarau, da bokitin ruwa a kusa. Sai mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba, wanda zai ji magana, ba mai danna waya ba.

Ka yi aikin bayan Asuba, birki a sanyaye, kuma ba ranar da ƙura ta tashi ba. A kan siminti za ka tsaya. Kwalta tana laushi da zafin bazara, ƙafar matokari takan nutse a ciki motar ta karkace. Sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa, ka ɗaga ta a wuraren da littafi ya nuna, ka ɗora ta a kan matokarai. Jak shi kaɗai ba a yarda da shi. In ba ka da matokarai huɗu, ka yi taya biyu-biyu, waɗanda ke ƙasa ka tokare su.

Kafin ka taɓa tanki, zagaya ka gwada kowane bawul: ka ɗan kwance shi kaɗan ka mayar. Wannan mutane da yawa suna tsallake shi, sai sun gama ƙafa uku su tarar na huɗu ya ciza.

Buɗe bonet, goge murfin tanki da kewayensa sosai kafin ka kwance, don yashi kaɗan ya isa ya karce robar masta. Shimfiɗa tsumma a gefen mota. Tsotse tsohon man da sirinji, amma ka bar kaɗan a ƙasa ya rufe ramukan da ke sauka cikin masta. Cika da sabo har layin MAX. Inji a kashe yake duk tsawon aikin. Mataimakinka ya taka feda sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, sannan ka sa guntun katakon nan a ƙarƙashinta. Dalilin katakon shi ne, a tuƙin yau da kullum fistan ɗin masta ba ya wuce rabin hanyarsa, can ƙarshen ramin kuwa datti da tsatsa sukan taru. Idan aka danna feda har ƙasa, robar ta bi ta kan wannan wuri ta yage, ka shiga canza mai ka fito da canjin masta.

Tsarin da aka fi sani shi ne a fara da tayar da ta fi nisa da masta. A motocinmu masu sitiyari a hagu, ke nan baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Amma ba dukan motoci ba ne: Honda da yawa daga gaba ɓangaren direba suke farawa, wasu kamfanonin kuma a gicciye suke bi. Abin da littafin motar ya ce shi ne hujja.

A kowace taya, cire ɗan murfin roba na bawul, fara sa zoben sifana, sannan ka cusa tiyo a hancin. Tiyon ya ɗan hau sama kafin ya sauko cikin kwalba, bakinsa kuma ya nutse a cikin ɗan mai da ka zuba a ƙasan kwalbar. Daga nan sai kira da amsawa. Ka ce "Taka." Ya taka a hankali ya ce "Na taka." Ka kwance bawul kwata ɗin zagaye, mai ya fito, feda ta sauka ta zauna a kan katako, ya ce "Ta kai." Ka ɗaure bawul, sannan ka ce "Saki." Ya saki a hankali, ku ɗan dakata daƙiƙa biyu ko uku masta ta sake cika, ku maimaita. Ba ya ɗaga ƙafa sai ka ɗaure. In ya riga ka, iska ta koma ciki, an koma gidan jiya. Kuma babu amfanin dannawa da sauri sau goma kafin a buɗe, kamar yadda ake gani a wasu warshoshi, wato garejin makanikai. Hakan farfasa iskar yake yi ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita.

Bayan kowane taku biyar ko shida, tashi ka leƙa tanki ka ƙara. Duk aikin nan a wannan wuri yake lalacewa. Idan mai ya sauka har iska ta shiga masta, za ta bi ta cikin akwatin ABS, aikin sa'a biyu ya zama na kwamfuta. Kada ka bari ya sauka ƙasa da layin MIN ko sau ɗaya.

Nawa za ka fitar? Tayar farko ita ta fi ci, domin ita take janye tsohon man da ke cikin masta da dogon bututu: wajen mililita 250. Ta biyu kamar 150, na gaba kowace 150 zuwa 200. Ka yi wa kwalbar alama da biro tun farko, saboda idan tsohon man bai yi duhu sosai ba, da wuya ido ya gane inda sabo ya fara. Ka tsaya idan abin da ke bin tiyo ya yi garau kuma babu kumfa ko ɗaya.

Kalifofi irin na Brembo, masu fistan a ɓangare biyu, sau da yawa bawul biyu gare su, na ciki da na waje. Dukansu ake yi. Kamfanoni sun saɓa a kan wanda ake farawa da shi, saboda haka bi littafi, in ka gama na biyu ka koma na farko ka ƙara taku biyu. Ɗan bubbuga jikin kalifa da guduma ta roba yana sakin kumfar da ta maƙale a lungu.

Wajen ɗaurewa a yi hattara. Bawul ƙaramin abu ne mai rami a ciki, kalifar kuma sau da yawa alminiyam ce. A yawancin motoci ƙarfin ɗaurinsa tsakanin Nm 7 ne da 15, wato abin da yatsu biyu za su iya da gajeriyar sifana. Bayan ka ɗaure, watsa ruwa ka wanke man da ya zuba a jikin kalifa, ka mayar da murfin roba. Mai ko ɗigo kada ya taɓa fahmat ko faifai.

Ga mai giyar hannu: a motoci kamar BMW da Mustang, kuloci da birki tanki ɗaya suke sha, kuma bakin bututun kuloci yana sama da na birki a jikin tankin. Idan ka tsotse mai ya sauka ƙasa da wannan baki, kada kowa ya taka kuloci sai an cika, in ba haka ba ya ja iska. Idan famfon kulocin yana da bawul ɗinsa, ka yi masa shi ma a ƙarshe, tun da man iri ɗaya ne kuma tare suka tsufa.

Da ka gama, daidaita mai a tanki, rufe murfi, taka feda da ƙarfi ka riƙe daƙiƙa 30. Ta tsaya cak a sama. Zagaya da fitila ka duba kowane bawul ko yana tsatsafa. Mayar da tayoyi, sauke mota, ɗaure notoci a gicciye da sifana mai awo daidai adadin littafi. Kunna inji, feda za ta ɗan sauka kaɗan, wannan daidai ne. Kada ka sa giya sai ka ji birki a ƙafarka. Gwada a layin da ba kowa, da gudun kilomita 20, sannan 40, sannan 60. Ka rubuta watan da ka canza a ɗan sitika ka liƙa kusa da tanki.

Tsohon man ka kai shi warsha su haɗa da nasu, kada ka zuba a magudana. Kuma kada ka ajiye shi a gorar ruwa ko ta lemo. Guba ne mai kashe ƙoda, ga shi launinsa bai isa ya tsorata yaro ba.

TAMBAYA: Na yi tansim, wato fitar da iska daga layi, har sau biyu, na ƙarar da lita guda, amma feda tana nan da laushi. Ina matsalar? (Daga Madina)

AMSA: Malam, laushi iri-iri ne, sai ka gane wanne ne naka. Kashe inji, taka sau biyar, sannan ka riƙe.

Idan feda tana lotsawa kamar soso, ta ƙara tauri in ka taka a jere, iska ce ta rage. Fara duba inda bawul yake a jikin kalifa. Dole ya kasance a sama, don iska sama take taruwa. Idan an taɓa cire kalifofi aka mayar da ta dama a hagu, bawul ya koma ƙasa, ko ganga ka zuba iskar ba za ta fita ba. Idan wannan daidai yake, tambayi kanka ko tanki ya taɓa ƙafewa lokacin aikin, ko an canza masta ko bututu. In haka ne, iskar tana cikin akwatin ABS, a lungunan da suke rufe sai famfonsa ya tashi. Wannan sai an haɗa na'urar kwamfuta ta kunna famfon ta buɗe ƙofofin ana fitar da mai. Wasu sukan je hanyar tsakuwa su taka birki da ƙarfi ABS ya yi aiki, su dawo su sake tansim. Yakan taimaka idan iskar kaɗan ce, amma bai kai na'ura ba, kuma ba a fita da motar da birkinta bai kama ba.

Idan kuwa feda ta yi tauri da farko, sannan ta riƙa sauka a hankali kana riƙe da ita, kuma babu yoyo ko'ina, robar masta ce take barin mai ya koma baya. Tansim ba ya maganin wannan, canjin masta ne. Idan takun farko ne kawai yake da tsawo, musamman bayan ka sha kwana da gudu, na biyu kuma ya kama a sama, duba boris ɗin taya da faifai, don motsinsu yana tura fistan baya. Sai kuma tiyon roba da ya tsufa: sa wani ya taka da ƙarfi, kai ka riƙe tiyon, in ka ji yana kumbura a hannunka ya gama aiki. A zafin ƙasar nan, tiyon da ya haura shekara 8 zuwa 10 ko ya fara tsagewa bai cancanci a yi ta lallaɓa shi ba.

TAMBAYA: Ba ni da wanda zai taka mini feda. Zan iya ni kaɗai? (Daga Dammam)

AMSA: Za ka iya, kuma hanyar da ta fi kyau ita ce tulun matsi. Ana zuba sabon mai a cikinsa, a ɗaura murfinsa a bakin tanki, a buga masa iska zuwa bar 1, wato wajen psi 15. Sai ka bi tayoyi kana buɗe bawul, mai yana fita da kansa, tanki kuma ba ya ƙafewa muddin tulun da mai. Ka tabbata murfin na irin motarka ne, ka fara gwada shi ba mai ka ga ko yana riƙe iska. Kada ka kai shi sama da bar 2, tankin roba yakan tsage ko ya fita daga mazauninsa. In ka gama, saki iskar tulun tukuna kafin ka kwance murfi, in ba haka ba mai ya wanke maka inji da fenti.

Mai tsotsa daga wajen bawul shi ma yana aiki, sai dai yana jawo iska ta zaren bawul, ka yi ta ganin kumfa a tiyo alhali ba daga cikin layi take ba. Ga kuma hanyar da ba ta cin ko riyal: ka buɗe bawul ka bar mai ya riƙa ɗiga da nauyinsa kana cika tanki. Tana canza mai, amma tana da jinkiri kuma ba ta iya korar iskar da ta maƙale.

TAMBAYA: Mai ya sauka kusa da MIN a motata, launinsa kuma ya yi duhu. In ƙara ne kawai? (Daga wata mai karatu a Jidda)

AMSA: Hajiya, man birki ba ya ƙonewa kamar na inji. Idan ya sauka, ko dai fahmat sun cinye fistan ya fito ya ɗauki man, ko kuma akwai yoyo. A fara duba kaurin fahmat, in sun kai milimita 3 a canza, za ki ga mai ya hau da kansa. In fahmat suna da kauri, a duba bayan tayoyi, tiyo, da ƙarƙashin masta, kuma kada a tuƙa motar sai an gano. Duhun launi yana nuna tsufa, amma mai garau ma yana iya cika da ruwa. Ɗan alƙalamin gwaji da ake sayarwa yana ba da haske, in ya nuna kashi 3 a canza, sai dai yakan yi kuskure daga wani irin mai zuwa wani. Idan ba ki san ranar canjin ƙarshe ba, ki canza kawai. Ƙari a sama ba ya sabunta wanda yake cikin kalifa.

TAMBAYA: Yarona ya yi kuskure ya zuba man sitiyari a tankin birki, kamar rabin kofi. Ba mu tuƙa ba tukuna. (Daga Makka)

AMSA: Alhaji, kada kowa ya taka feda, ko don a kunna mota. Robobin birki ba sa jure man fetur da danginsa, man sitiyari da na giya da na inji duk suna sa su kumbura su lalace. Man sitiyari yana tasowa sama, saboda haka in ba a taka ba akwai fatan bai sauka ba. A tsotse tankin gaba ɗaya, a cire shi a canza shi tare da robar murfi da robobin mazauninsa, a duba masta, sannan a wanke layi da sabon mai mai yawa. Motar a ɗauke ta zuwa warsha a kan babbar mota, ba a tuƙa ta. Idan an riga an taka, duk wani abu mai roba a layin abin zargi ne, tun daga masta har kalifa, da akwatin ABS.

TAMBAYA: Bawul ɗaya ya ƙi kwancewa, kansa ya fara cinyewa. Sannan abokina mai Corvette sabuwa yana so mu yi tasa ita ma. (Daga Riyad)

AMSA: Ajiye sifana mai buɗaɗɗen baki, ita ce take cinye kan. Goge wurin da buroshin waya, fesa man sassauta tsatsa a gindin zaren, ka bar shi ya kwana. Da safe sa soket mai kusurwa shida, ka ɗan bubbuga kansa da ƙaramar guduma, ka gwada ɗaurewa kaɗan tukuna sannan ka kwance, kana gaba kana baya. In bai motsa ba ka tsaya nan, kada garin neman gira a rasa ido. Idan ya karye a ciki, sai an cire kalifa an kai wa mai injin huda, wani lokaci ma sai sabuwa. Wuta ba ta dace a gida ba, tana ƙona robobin fistan da fentin kalifa. In ya fita, sa sabon bawul da murfinsa na roba, don rashin murfin ne yake barin ruwan wanki da gishirin iska su shiga.

Ta abokinka kuwa, idan C8 ce, wato ta 2020 zuwa sama, ku bar ta. Birkinta na lantarki ne, kwamfuta da famfo ne suke samar da matsin, kuma canjin mai yana da tsarinsa na kamfani. Haka Alfa Romeo Giulia, da Mercedes masu tsarin birkin lantarki na SBC irin SL ta farkon shekarun 2000, da motocin Toyota da Lexus masu haɗa fetur da lantarki. SBC ma tana iya matse birki da kanta idan aka buɗe ƙofa, hannunka yana cikin kalifa. Masu faifan kabon-seramik su ma a yi hattara, bakin faifan yana ɓantarewa idan taya ta buge shi wajen cirewa. Porsche mai noti ɗaya a tsakiyar taya kuwa Nm 600 ake ɗaure shi, sifanar gida ba ta kai nan ba. Irin waɗannan a kai su wakala ko warshar da take da na'urar kamfanin, kuma a ce su nuna kwalbar man da suka zuba.